Yadda Na Kashe Wa Sabuwar Motar Alhaji Isyaku Sheƙi

Ku da kuke tsayawa a bakin shagona kuna cewa, "Baba, ai manna leda ne kawai," ina jin ku, kuma ba na musu da ku. Manna leda ne. Haka ma ɗinki cusa zare ne a cikin yadi, gini kuma ɗora bulo ne a kan bulo. Wani a cikinku har ya nuna mini a wayarsa yadda wani Bature ya naɗe mota guda kafin shayi ya huce. Na kalla har ƙarshe. Abin da ban gani ba a cikin wayar shi ne ƙuda, da yashi, da ɗaukewar wuta, da mai mota a tsaye a kan Baturen yana tambaya ko an kusa. Tunda kun ce kuna son sana'ar, ku jawo bencin nan ku zauna.

Sunana Sabi'u, amma a nan Gumel in ba ka ce Sabi'u Mai Leda ba, wani Sabi'un daban za a nuna maka. Ba da leda na fara ba, da fenti na fara, a garejin marigayi Malam Garba da ke bakin hanyar Maigatari.

Aikin farko da Malam Garba ya bari na taɓa ƙofar wata tsohuwar a-kori-kura ce, ta wani mai dakon gero daga Sule Tankarkar. Ya miƙo mini samfefa da bokitin ruwa ya tafi abinsa. Na goga, na goga, har na tabbata ko tire ba zai fi ƙofar nan sumul ba, sannan na kira shi. Bai ma duba ba. Rufe ido ya yi, ya shafa ta da bayan yatsunsa, ya ce, "Akwai kwari a nan." Ni ban ga kwari ba, ban ga tudu ba, amma na koma na ci gaba. Shekaru na yi a kan samfefa kafin ya yarda na riƙe bindigar fenti, har sai da zanen yatsuna ya shafe. Gwajinsa ɗaya ne. Mutum ne mai cin goro, in an gama mota sai ya tsaya a gaban ƙofarta ya washe baki. In ya hango jan goron haƙoransa a jikin ƙofar, aiki ya yi. In bai hango ba, a koma samfefa. Duk ƙuruciyata a neman sheƙi ta ƙare. Da wani ya ce mini wata rana kashe sheƙi ne zai ciyar da iyalina, da na ce a kai shi a yi masa addu'a.

Bayan rasuwarsa aikin fenti ya ja baya. Motoci suka riƙa shigowa daga Kwatano da fentinsu lafiya lau, babura kuma suka cika gari. Ɗan acaɓa ba ya son fenti, sitika yake so, a naɗe masa tanki, a rubuta masa kirarinsa a baya. Na bi kasuwa, daga sitika zuwa baƙin gilashi. Da na ji an fara sa wa mota leda gaba ɗayanta, sai na tafi Kano koyo, da gemuna da 'ya'yana, wajen wani maigida sa'an ƙanena. Shi ma bokiti ya miƙo mini, wankin mota na yi ta yi masa. A wajensa na san ledar iri biyu ce. Akwai ta ado, siririya mai launi, wadda kuke gani a kasuwa. Akwai kuma ta kariya, mai kauri, garai-garai kamar ruwa, wadda ke tare ƙaya da tsakuwa da kashin tsuntsu. Ita ta kariyar ma kashi biyu ce: mai sheƙi, wadda in an sa ba wanda zai san an sa, da mara sheƙi, wadda ku kuke ce wa "mat".

Ga kayan aikin nan a gabanku, duk za su shige jakar makaranta guda, shi ya sa kuke raina su. Wannan kwalbar fesawa ruwa ne a ciki da ɗigon sabulun wankan jarirai, don shi ne ba ya cin gam. In sabulun ya yi yawa, leda ta yi ta santsi ta ƙi zama. In ya yi kaɗan, ta kama tun ba ka shirya ba. Wannan robar da ita ake korar ruwa, daga tsakiya zuwa baki, kullum daga tsakiya zuwa baki. Wannan handiraya ce irin ta masu gyaran gashi, sai dai ta fi tasu zafi, da ita ake lallashin leda ta bi lungu. Wannan kuma reza, ita ce mai raba mutum da sana'a. Za ka yanka leda a kan fentin motar da ta fi gidanku tsada, ka ratsa ledar amma kada ka taɓa fentin, alhali abin da ke tsakaninsu bai kai ɓawon albasa ba. Ido ba ya ganin wannan, kunne ke ji. In reza tana cikin leda tana ɗan kuka siriri. In ta kai fenti sai ta yi shiru. Ranar da ka ji shirun nan, ka fara tunanin garin da za ka koma.

Na dawo Gumel da ilimi, ba mai saye. Wanda ke da motar da ta cancanci ledar nan Kano yake kai ta, wanda ya yarda da ni kuma babur gare shi. Ana haka aka rufe boda. Maigatarin da ranar kasuwa ba ka samun wurin aje ƙafa, ta koma kamar an yi shara. Manyan motoci suka jeru a gefen titi har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinsu. Wanda bai samu na zuba mai ba ina zai tuna da sitika? Aikin da na fi yi a shekarar nan shi ne ɓarewa. Masu sayar da baburansu su zo in cire musu sunayensu kafin su kai wa dillali. Akwai wani da na taɓa rubuta wa "Arziki Na Tafe" da jan harafi a bayan babur. Ya kawo mini na kankare, yana tsaye yana kallo. A shekarar na sayar da kwamfireson fesa fenti da na gada daga Malam Garba, na fara tambayar yayana ko akwai sauran fili a gonarsa ta Gagarawa.

Cikin daminar nan ne Alhaji Isyaku ya tsaya a bakin shagon nan. Babban mai sayen riɗi ne a Maigatari, kuma shi rufe boda bai taɓa shi ba, don kayansa kudu suke yi. Ya zo da jif baƙa wul, sabuwa dal, kujerunta ko ledar kamfani ba a cire ba. Da Malam Garba yana raye, da daga tsallaken titi zai ƙirga haƙoransa a jikinta. Direbansa Malam Ɗanjuma, dattijo ne da ya daɗe tare da shi, yana fitowa ya zaro tsumma ya fara goge inda babu komai.

Bayan mun gaisa Alhaji ya ce, "Malam Sabi'u, an ce kai ne mai sa wa mota riga."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne."

Ya ce, "Ka san hanyoyina. Ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, duk ƙaya ce da aduwa. Waccan motar tawa kafin kaka ta fita ta koma kamar kyanwa ta yi faɗa a kanta."

Na ɗauko 'yan guntayen da na zo da su daga Kano, na jiƙa, na shimfiɗa masa biyu a kan bonet. Mai sheƙin ta ɓace, sai da ya lalubo ta da farce. Ɗayar kuwa inda ta kwanta fentin ya mutu murus, ya koma kamar gawayi. Na faɗa masa gaskiyar kowacce. Na ce kariyarsu ɗaya. Amma mara sheƙin tana da sharaɗi: ba a goga mata man sheƙi, ba a dirza ta da buroshi, hannun da ya ci tsire in ya taɓa ta sai ya bar shaida, kuma in aka ajiye ta a ƙarƙashin darbejiya tsuntsaye suka yi nasu, a wanke nan take. Na ce in ni ne, mai sheƙin zan ɗauka.

Alhaji bai ɗauke ido daga guntun nan mai kama da gawayi ba. Ya ce, "Wannan in aka sa, mutum zai gane sabuwa ce?"

Na ce, "Sai wanda ya sani."

Ya gyara tsayuwa, ya rage murya. "Malam Sabi'u, gari babu kuɗi. Tun da motar nan ta shigo ban ci abinci da zafinsa ba. Wannan matarsa ta haihu, wancan katangarsa ta faɗi, wani ma ya ce mini shi jikan ƙanwar kakata ne. Ni ina son in shiga mota mai sanyi, amma ba na son a gan ni a cikinta. Ita za ka sa."

Malam Ɗanjuma ya daina goga. Ya ce, "Alhaji, mutum ya sayi fitila kuma ya biya a hure masa?"

Alhaji ya ce, "Kai tuƙi na ɗauke ka."

Naɗi guda na ledar na sayo a Kano da kuɗinsa, kuma naɗi guda jif ɗaya yake rufewa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. In na ɓata gefe guda, ba ni da abin da zan sayar in sayo wani, kwamfireso ya riga ya tafi. Shagon nan kuwa ba zai yi ba, kowace tirela ta wuce sai ta watso mana rabonmu. Nan ne rufe boda ya yi mini rana karo ɗaya tak: sito-sito a Maigatari duk babu kowa. Alhaji ya buɗe mini ɗaya. Na share, na wanke, na malale ƙasan da ruwa, na rataya gidan sauro a kowace taga. Aikin yana son hannu huɗu, kuma ban ɗauki mai fenti ba, ban ɗauki makanike ba. Abokina Haruna tela na ɗauka, don shi ya san yadda ake riƙe yadi mai tsada ba a ja shi ba, kuma shi ma a shekarar kekensa hutawa yake yi.

Wanki kaɗai ya cinye mana yini. Sabuwar mota ba ta da tsabta, ku riƙe wannan. Akwai kwalta a ƙasan ƙofofi, akwai man da dillalai suke shafawa don ta ɗauki ido, duk sai an cire, in ba haka ba gam ba zai kama ba. Muka fara da ƙofofi don hannu ya saba. A fesa wa ƙofa ruwa, a ɓare bayan leda ana fesawa, a ɗora ta tana iyo, a daidaita, sannan a fara kora. Haruna yana ta mita, wai shi bai taɓa ganin yadin da ba ya karɓar kwance ba. Bamba ce ta fi ba mu wuya, duk lunguna ce da ramuka. In zafi ya yi kaɗan ledar ta tattare kamar goshin tsoho, in ya yi yawa ta miƙe ta yi fari, shi kenan ta tashi aiki. Ga janareta yana tari, ga Alhaji yana leƙowa bayan kowace sallah yana cewa, "An kusa?"

Rufin sama shi ne yanki mafi girma, kuma a kansa ƙuda ya same mu. Mun ɓare, mun ɗaga, ni a kan benci ta nan, Haruna ta can, sai ga shi ya zo daga inda ban sani ba ya sauka a tsakiyar gam. Sito guda, ga bango, ga ƙasa, ga mu mutum biyu masu gumi, bai ga wurin zama ba sai nan. In ka sa yatsa, zanen yatsanka zai zauna a ciki har motar ta tsufa. In ka bar shi, za a yi ta yawo da gawarsa a kan Alhaji. Haruna ya ce in riƙe kada in yi numfashi. Ya danne gefensa da haɓa, ya zaro allura daga jikin hularsa, ya tsince ƙudan nan ƙafa bayan ƙafa, ni kuma ina riƙe da nawa gefen a sama. Da muka kwantar da rufin ya zauna lafiya, sai da na sauko na zauna a ƙasa cikin ruwan.

Da muka buɗe ƙofar sito, motar ta fito kamar an sassaƙa ta da gawayi. Babu kumfa, babu tattara, babu inda reza ta yi shiru. A duk rayuwata ban yi aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma ba wanda zai iya ganin fuskarsa a ciki. Alhaji ya zagaya ta yana murmushi, ya ce, "Madalla. Yanzu ta yi kama da motar mutumin da ba shi da komai." Malam Ɗanjuma ya karɓi makulli kamar wanda aka miƙa wa takardar sammaci.

Abin da Alhaji ya nema ya samu, har da ƙari. A majalisarsu wani ya tambaye shi ko wuta ce ta ɗauke wa mai fentin kafin ya gama. Gwaggonsa ta aiko a ce masa ko ba komai ya riƙa wanke ta. Ba wanda ya sake yi masa barka. Su kuwa masu roƙo ko ɗaya bai ragu ba, don su sun san farashin motar tun kafin ta baro Kano. Waɗanda suka gudu manoma ne. Manomi yana ba ka riɗinsa ne don ya yarda kai mai ƙarfi ne, kuma ba cikin aljihunka yake gani ba, motarka yake gani. Da kaka ta yi Alhaji ya shiga ƙauyuka da mota kamar gindin tukunya, sai magana ta riga shi zuwa ko'ina: Alhaji Isyaku ya karye, ya sayar da sabuwar ya sayo ƙonanniya. Buhuna suka fara komawa wajen wani abokin hamayyarsa mai tsohuwar mota da ke walƙiya kamar madubi. Ni na goge masa ita da man sheƙi a makon, don ni ma ina da iyali.

Malam Ɗanjuma ne ya ga ba zai zuba ido a ci mutuncin maigidansa ba. Ya sayo gwangwanin man sheƙi, ya samu inuwa, ya tasa bonet a gaba da tsumma da ƙarfin dattijon da ya daɗe yana jin haushi. Ya yi nasara. Sheƙi ya fito, amma a wuri guda, zagaye a tsakiyar bonet kamar sanƙo. Haka suka zo mini, Alhaji a gaba, shi a baya.

Alhaji ya ce, "Cire mini ita duka. Yau."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe." Na ɗauko handiraya.

Ya ce, "Tsaya. In an cire, ana iya mayarwa?"

"Ba a iyawa."

"Ana iya sayar da ita?"

"Sai dai a ɗaure buhu da ita."

Ya dubi motar. Mutumin da ke sa a share riɗin da ya zube a ƙasan sito a tankaɗe a mayar buhu, ba zai iya tsayawa yana kallo a yaga abin da ya biya a zuba a bola ba. Amma kuma ga kaka tana wucewa. Ya juya kan Malam Ɗanjuma zai fara faɗa, shi kuwa ya ce, "Alhaji, ni ba a taɓa yi mini dariya a tasha ba sai a motar nan. Yara har rubutu suke so su yi mata da alli."

Na ce su ba ni bonet ɗin, ragowar ledar za ta rufe shi da ƙyar. Da na gama sai na buɗe ƙofar direba na nuna wa Alhaji bakin ƙofar ta ciki, inda leda ba ta kai ba. Fentin yana nan yana walƙiya. Sannan na karyo reshen ƙaya na ja shi a jikin ƙofa, Malam Ɗanjuma ya yi salati. Na karɓo ruwan zafi wajen mai shayi na kwarara a wurin. Suna kallo zanen ya haɗe ya ɓace, don haka ledar take, ƙaramin karce zafi yana rufe shi. Alhaji ya shafa wurin, ya sake shafawa, ya ce, "Ɗanjuma, gobe ka taho da fulas."

Haka suka ƙarasa kakar. Mutumin da ya biya don kada a san motarsa sabuwa ce, shi ne yake bin ƙauye-ƙauye yana buɗe ƙofa yana cewa, "Malam, leƙa nan ka gani." Dattawa su sunkuya su leƙa, su ga fuskokinsu. Sai Malam Ɗanjuma ya fito da ƙaya da fulas ya yi nasa wasan. Ba a jima ba labari ya sake juyawa, aka ce motar Alhaji Isyaku in an ji mata ciwo warkewa take yi, wasu suka ce ko harsashi ba ya huda ta. Alhaji bai ce haka ne ba, bai kuma ce ba haka ba ne. Mafi yawan manoman suka dawo. Amma barka dai ba a yi masa ba, sai "Allah ya ƙara tsarewa."

Da shekara ta zagayo aka yi rasuwa a wani babban gida a nan Gumel, 'yan ta'aziyya suka zo daga Abuja, a cikin jerin motocinsu har da biyu marasa sheƙi. Shi kenan. Abin da jiya yake ƙonanniya, yau ya zama na manya. Boda ta buɗe, kuɗi ya ɗan motsa, kowane saurayi yana son "mat". Na ga ɗan acaɓa da ya sayi sabon babur ya zauna ya dirje tankin da samfefa da hannunsa. Wasu sa'o'inku suka kafa rumfuna, suka sayo siririyar leda baƙa ta ado mai arha, suna mannawa a bakin titi da katin waya. Rana ta Gumel ba ta san wasa ba. Kafin bazara ta fita ledar ta dafe, ta tsattsage kamar ƙasan tafki, in an zo cirewa ta taho da fentin. Shagon nan da kuke gani da ɓare aikin waɗannan na sake gina shi, don haka ba na zagin su. In na gan su ma har gaishe su nake yi.

Motar Alhaji ta yi shekaru tana shiga ƙaya tana fita. Da ya tashi sauyawa, wani ɗan kasuwa daga Damagaram ya taya. Ya zagaya ta, ya taɓe baki, ya ce watir ɗin, wato motar, ta sha rana, launinta ya mutu. Alhaji ya buɗe masa bakin ƙofa, mutumin ya ce kowa ma bakin ƙofarsa sabo ne. Aka yi ciniki a kan tsohuwar mota, Alhaji ya sallama, aka tafa. Sannan mai sayen ya ce a cire masa wannan tsumman kafin ya tsallaka da ita, shi ba zai shiga garinsu da abin kunya ba.

A Maigatari na yi aikin, na gama da hantsin wata Juma'a. Zafi kaɗan, ja a hankali, ledar tana tasowa kamar fatar rago. Ta sha wuya, duk ta yi tabo, ƙasanta ya cinye da tsakuwa. Amma abin da ke ƙarƙashinta bai san an yi shekarun nan ba. Baƙi wul, ko ƙwarzane babu, rana tana faɗowa a kai tana komawa. Mai sayen ya yi ta hamdala da ƙarfi. Malam Ɗanjuma ya zaro tsumma, sai kuma ya tuna ba tasu ba ce, ya mayar aljihu. Alhaji yana zaune a kan kujera yana kallon motar da ya biya a adana wa wani. Can ya tashi ya je wajen mutumin.

Ya ce masa, "Alhaji, alfarma nake nema. Ka ara mini ita in je masallaci."

Mutumin ya yi dariya ya miƙa masa makulli.

A bayansu na bi a kan babur. Masallacin ba nisa, amma Malam Ɗanjuma ta cikin kasuwa ya bi, ya zaga ta tasha, gilashi a sauke, yana tafiya kamar mai rakiyar raƙumi. Da aka idar da sallah mutane suka yi dafifi a kan motar. Wannan ya kama hannun Alhaji, wancan ya dafa kafaɗarsa. "Alhaji, barka! Allah ya sa a kashe lafiya!" "Kai, wannan ita ce mota!" Wani tsoho daga majalisarsu ya kutso ya ce, "Alhamdu lillahi, Alhaji. Gara da ka rabu da waccan ƙonanniyar, wallahi kunya take ba mu."

Alhaji ya ce, "Amin, amin, na gode. Ai ita ma ta yi ƙoƙari."

Sai da ya amsa barkar kowa, bai bar ko ɗaya ba. Sannan suka koma inda mai ita yake jira, ya miƙa makulli, muka tsaya mu uku muna kallo ta nufi boda tana walƙiya. Da ta ɓace Alhaji ya tattara babbar rigarsa, ya ce, "Malam Sabi'u, matsa gaba kaɗan," ya hau bayan babur ɗina na kai shi gida.